Ranar da Aka Ɗura wa Famfon Iskata Ruwa

Maigidana ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin kogi yana kula da babur. Mu nan ƙasar Rusairis in an ce babur ba na hawa ake nufi ba, injin jan ruwa ne da ake kafawa a gaɓa ya tura ruwa cikin lambunan ayaba da albasa. In babur ya yi tari a can ƙarshen gari, Malam yana zaune a gida zai faɗa maka na wane ne da abin da ke damunsa. Ban taɓa raina masa wannan sani ba, da shi muka ci muka sha muka aurar da 'ya'ya. Amma wannan sanin ne ya kashe mini kifi.

Wata ƙungiya ce ta kawo kiwon kifin. Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, ina haɗa baƙaƙe tare da sa'o'in 'ya'yana. Wata rana aka shigo mana da wata yarinya muhandisa, wato injiniya, wadda ta karanta kiwon kifi. Ta ce akwai tanki na tamfol, wanda muke kira haudi, guda ɗaya tak, za a kafa shi a garinmu don gwaji. In zubin farko ya kai kamu, sauran mata za su samu nasu. In ya mutu, a naɗe kayan a kai garin da ke gaba da mu, inda maza suka daɗe suna roƙo. Mata suka yi ta kallon juna, kowa na tsoron a ce a hannunta abu ya lalace. Na ce a kawo gidana. Ni ɗiyar masunta ce, kakana da komar kamun kifi ya shigo ƙasar nan, ban ga abin da kifi zai nuna mini ba.

Ashe akwai. Wannan kiwon, da suke kira bayofulok, ba a canza masa ruwa. Ana barin ruwan ya yi launin kunun kanwa, ana zuba masa ɗan baƙin madin rake lokaci-lokaci. Cikinsa akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye kashin kifin da ragowar abinci, su dunƙule su zama kamar dusa tana yawo a ruwa, kifin kuma ya juyo ya cinye dusar. Muhandisa ta ce a bakin teku har jatan lande ake kiwo haka. Na ce su suka sani, mu dai a bar mu da karfasa, wadda yaranmu ba su san ta da wani suna ba sai bulti.

Abin da ta fi nanatawa shi ne iska. Ta ce kifin na numfashi, dusar ma na numfashi, kuma dusar ta fi kifin haɗama. In iska ta tsaya, kafin a gama dafa shayi a sha kifi zai fara neman sama.

"Hala," haka take ce mini, wato inna, "ki manta da abinci ki manta da madi, zan yafe miki. Wannan famfon iska dai kada ya tsaya. Kuma kada ruwa ya taɓa shi, ko yayyafi."

Famfon bai kai tukunyar miya girma ba. Ta buɗe mini cikinsa na gani: wasu robobi biyu zagayayyu kamar bakin kalangu, ta ce sunansu jilda, suna karkarwa gaba da baya, su zuƙo iska ta wani ɗan soso su tura ta cikin tiyo, tiyon ya kai ta ga wasu duwatsu masu ƙofofi a ƙasan haudi, daga nan ta taso ɓul-ɓul-ɓul. Farantin hasken rana da batir ke ba shi wuta, don mu wutar madatsar ruwa sai dai mu ga wayoyinta sun wuce ta kanmu. Muka rataye shi a jikin ginshiƙin rumfa, sama da bakin ruwan, don ko ya tsaya kada ruwa ya biyo tiyo ya koma masa. Ta bar mini jilda biyu na canji ta tafi.

Ranar farko Malam ya zo ya tsaya a kansa, hannu a baya, ya daɗe yana saurare.

"Ina ruwan yake fitowa?"

"Ba ya fid da ruwa. Iska yake turawa."

"Inji na gudu babu ruwa a cikinai, kuma ki ce lafiya lau?"

"Haka aka yi shi, Malam."

Ya girgiza kai ya ce wanda duk ya ƙera wannan bai taɓa tsayawa bakin kogi ba.

To ka san yadda abin yake a wurinsu. Babur yana da dokoki biyu da kowane yaron lambu ya haddace kafin ya haddace Fatiha. Ta farko, in rana ta take a kashe shi ya huta, kada ya ƙone. Ta biyu, in ka ji yana gudu ruwa ba ya fitowa da ƙarfi, to ya sha iska, sai ka buɗe bakinsa ka ɗura masa ruwa har ya cika, sannan ya kama. Wanda ya bar babur yana gudu a bushe, mari ne ladansa. Malam ya sha marin nan yana yaro, shi ma ya mari wasu.

Ba shi kaɗai ba ne mai ilimi a gidan. Akwai yayarsa, wadda ke zaune da mu tun da mijinta ya rasu. Ita gwanar tace ruwa ce. In damina ta faɗi kogi ya taho ja wur da laka, ita ke daka ƙwayar zogale ta ƙulle a tsumma ta kaɗa cikin randa, kafin wani lokaci laka ta kwanta ruwa ya yi garai kamar idon zakara. Matan unguwa har aiko mata suke yi. Da ruwan haudina ya fara yin launinsa, ina murna, sai na fito daga ɗaki na same ta tsaye a bakinsa tana kwance ƙullin da ke gefen mayafinta. Na riƙe hannunta.

"Yaya, mi za ki yi?"

"Taimakonki zan yi. Wanga ruwa ko jaki ba ya sa baki cikinai. Kina son a ce matar ƙanena ƙazama ce?"

"Dattin nan shi ne tuwonsu."

"To Allah shi kyauta. Mu dai da muka yi jahilci ba mu ci da kifi da kashinai ba. Karatun tsufa ke nan."

Na karɓe ƙullin na zuba wa kaji. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da hanci.

Na Malam ya fi wannan. Wata rana da azahar ina tuƙa tuwo sai na ji gidan ya yi wani irin shiru. Na ɗan jima ban gane abin da ya ɓace ba, sai can na tuna gurnanin famfo. Na yar da muciya na fita. Fuskar ruwan ta kwanta lumui, kifaye sun taso suna buɗe baki a sama kamar masu roƙon ruwan sama. Malam na kishingiɗe a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, yana fifita da hula. Na kunna famfon kafin in ce masa komai.

"Wa ya kashe?"

"Ni. Taɓa shi ki ji, kamar garwashi. In ya ƙone mi za ki ce ma mutanen?"

"In kifin ya mutu mi zan ce musu?"

"Kifin kogi wa ke hura mai iska?"

"Kifin kogi yana da kogi. Waɗanga tamfol gare su, da ni."

Yaya ta leƙo daga ɗakinta ta ce ai ko bawa ana barinsa ya yi ƙailula. Na ce mata in ta ga dama ta toshe hancinta daga azahar zuwa la'asar, huhunta ya huta, sai mu ga yadda za ta tashi. Malam ya yi dariya har da tari, ita ta koma ciki tana cewa an raina ta a gidan ƙanenta. A ranar kifi bai mutu ba. Na ƙara wa famfon inuwa da tsohuwar tabarma, na naɗe makunnin da tsumma na ƙulle tam. Malam ya yi alkawari ba zai sake kashewa ba, kuma ba zan ɗora masa ƙarya ba, bai sake ba.

Daga nan abu ya miƙe. Kifin ya fara cika ido. In na watsa abinci ruwan sai ya tafasa. Matan ajinmu suna zuwa kallo, kowace na nuna inda za ta kafa nata a gidanta, wata ma har ta sare bishiyar da ke tsakar gidanta don ta samu fili. Na koyi wanke soson nan in ƙura ta toshe shi. Na koyi gane lafiyar famfon da kunne, yadda Malam ke gane babur. Da zafin bazara ya tsananta jilda ɗaya ta tsage, na kwance na sa ta canji da hannuna, ba a daɗe ba ɗayar ma ta bi ta. Na aika wa muhandisa a kawo wasu, aka ce tana Damazin, hanya kuma ba ta da daɗi a watannin nan, sai an samu mai zuwa.

Kifin ya kai faɗin tafin hannu, saura kaɗan a kama, sai wata safiya na ji muryar famfon ta canza. Yana wani kaf-kaf kamar tsohon da haƙoransa suka zube. Duwatsun gefe ɗaya sun daina tafasa, na ɗaya gefen suna yi da kyar. Na buɗe na duba: jilda ɗaya ta tsage daga gefe, ɗayar na nan amma ta yi laushi. Da guda ɗaya zai iya jan rabin yini, in Allah ya so. Na hana kifin abinci don kada su ƙara neman iska, na ɗauki tsagaggiyar da na cire a baya don in nuna a kasuwa, na yafa mayafi.

Malam na shan shayi a bakin ƙofa.

"Zan tahi Rusairis neman roba. Don Allah, don Annabi, kada kowa ya taɓa famfon nan. In kun ga kifi ya taso, ku ɗebi ruwan da ƙwarya ku riƙa sheƙawa daga sama. Shi ke nan."

"Ni za a koya ma inji?"

"Ban ce ka gyara ba, Malam. Cewa niy yi kada ka taɓa."

"To, muhandisa. A sauka lafiya."

Motar ba ta tashi ba sai da ta cika, kuma ba ta cika da wuri ba. A kasuwa na bi layin masu kayan inji shago-shago. Kowa ya karɓi robar ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa ta wurin tsagar, ya tambaye ni ta wane babur ce. In na ce ta famfon iska ce ta kifi, sai a kira na kusa ya zo ya ji. Wani ya ce, "Hajiya, kifi kuma da famfo? Nan gaba sai ki saya musu fanka." Na ce masa in yana da ita ya kawo, in ba shi da ita ya ba ni kayata, ban zo hira ba. Wani ya kawo mini robar injin feshi, ta yi girma. Wani ya ce in je Sinnar, kamar Sinnar bayan gidanmu take.

Daga ƙarshe wani tsoho mai facin taya, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya ce in zauna. Ya ɗauko tsohon tif na mota, ya ɗora tawa a kai ya zana, ya yanko guda biyu da almakashi, ya huda tsakiyarsu da ƙusa mai zafi.

"Ba za su daɗe ba," in ji shi, "amma za su kai ki inda za ki. In kifin ya nuna, kan babba nawa ne."

Na ce har da wutsiya. Na fito da robobina a ƙulle a bakin zane ina jin kamar na sayo zinariya.

La'asar ta kusa na sauka a bakin hanya. Tun daga ƙofar gida na ji babu gurnani, sai wani wari kamar na gashin da ya ƙone. Na shiga. Famfon na ƙasa a kan tabarma, an kwance murfinsa, soson na gefe a jiƙe, butar alwalar Malam na kusa da shi. Shi kuma yana tsugune yana hura cikin famfon da baki. Yaya na tsaye a bakin haudi da ƙwarya a hannu, ba ta sheƙa komai, kallo kawai take. Fuskar ruwan duk bakuna ne. Wasu sun riga sun juya farin cikinsu sama.

"Mi ya faru?"

Bai ɗago ba. "Ƙarfinai ya rage ƙwarai. Kifi ya taso. Na ce iska ya sha."

"Sai ka yi mi?"

"Sai na ɗura mai ruwa kaɗan, don ya kama."

"Ka ɗura mai ruwa."

"Kaɗan. Ya yi wata ƙara, ya yi hayaƙi."

Ina da baki, duk garin nan an sani. Amma wannan ba lokacin magana ba ne. Na fizge ƙwaryar daga hannun Yaya na tura ta ta kira maƙwabta. Na tattare zane na fara ɗiban ruwan ina ɗagawa sama da kaina ina sheƙowa. Mata suka shigo da ƙore da robobin wanki, muka kewaye haudin kamar masu sheƙar dawa a masussuka, kowa na ɗiba tana zubowa. Ruwan madi da kashin kifi ya wanke mu daga kai har ƙafa. Malam ya fita da gudu, abin da ban ga ya yi ba tun muna da ƙuruciya, ya dawo da mai amalanken jaki da gangar ruwan kogi. Muka rage na ciki muka ƙara sabo. Aka sake komawa aka kawo wata gangar.

Hannu ba ya yin abin da famfo ke yi. In muka sheƙa nan, can ya kwanta. Dusar da na yi watanni ina reno, da ta rasa abin da ke juya ta sai ta zauna a ƙasa ta fara ruɓa, tana cinye 'yar iskar da muke sakawa. Kafaɗunmu suka mutu. Wata ta ce a aika gidan mai gyaran rediyo, aka je, ya zo ya shinshina famfon ya ce wayar cikinsa ta ƙone, sai dai a sake naɗi a birni. Robobina biyu suna nan ƙulle a bakin zanena, ban ko kwance su ba.

Kafin magariba na ce a bari. Muka tsame masu sauran motsi muka raba su cikin randuna da bahon wanka da sabon ruwa, ba su fi cikin kwando guda ba. Sauran muka juye a kan tabarmi. Matan da suka zo ceto su suka zauna suka taya ni fyaɗe ciki da barbaɗa gishiri, don kada a yi asara biyu. Ba wadda ta ce mini komai a kan haudinta da ba za ta samu ba. Wadda ta sare bishiyarta ma tana can gefe tana ta aiki da wuƙa, ba ta ɗago ido ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yaya ce kawai ta yi magana. Ta ce dama ruwan nan tun farko bai yi mata kama da abin da rai zai zauna a ciki ba. Na ce, "Yaya, wuƙa ce a hannuna."

Da aka watse na samu Malam a rumfa. Na faɗa masa duk abin da ke cikina, ban rage ba. Na ce na roƙe shi da Allah da Annabi. Na ce abu ɗaya na ce a yi, abu ɗaya na ce kada a yi, ya bar na farko ya yi na biyu. Na ce da maƙiyi ne ya shigo ya zuba guba da na san inda zan kai ƙara.

Ya ce, "Na ga suna mutuwa. In zauna in naɗe hannu?"

"Ƙwarya na ce ka ɗauka."

"Ƙwarya aikin mata ce. Ni abin da na sani shi niy yi."

Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni haushi. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma da zuciya ɗaya ya yi.

Bayan 'yan kwanaki hanya ta buɗe, muhandisa ta zo, tare da wani mutum daga ƙungiyar. Ta kawo jilda sababbi a cikin leda. Ta tsaya ta dubi haudin da babu komai sai busasshiyar laka, ta dubi kifin da ke shanye a kan igiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa, Malam na zaune a kan gadonsa, Yaya na bakin ƙofarta, matan ajinmu sun cika zaure. Ta ɗauki famfon ta kwance, ta ga tsatsar da ta fara fitowa a ciki.

"Hala, ruwa ya shiga wannan."

"Ya shiga."

"Ta yaya? Ba a yi ruwan sama ba. Kuma a sama muka rataye shi."



Ta sassauta murya. "Ki faɗa mini. In wani ne ya yi, ba ke ba, zan iya tsaya miki a ba ki zubi na biyu. In kuwa a hannunki ne, ba ni da abin cewa, ke ma kin san sharaɗin."

Kowa a gidan ya san wanda ya yi. Kuma kowa ya san macen kirki ba ta kwance wa mijinta zane a gaban baƙi, balle dattijon da duk lambunan gaɓar nan ke kira in inji ya gagara. In na faɗa, kafin Juma'a labarin ya kai kowace majalisa daga nan har Rusairis: sarkin babur ya yi wa famfon iska alwala. Da wannan za a riƙa kiransa har ya mutu, da shi za a riƙa tsokanar jikokinsa. Ni da ake cewa bakina ba shi da linzami, na zauna ina kallon tabarma. Na ba shi lokaci. Na ji yana gyara zama a kan gadon, igiyoyin suna ƙara. Na ce yanzu zai yi gyaran murya. Ya ɗauki carbinsa.

"A gidana ya lalace," na ce. "Abin da zan ce ke nan."

Ta daɗe tana kallona. Yarinyar ba wawuya ba ce, ta dubi butar da ke jingine a ginshiƙi, ta dubi Malam, ta mai da murfin famfon ta ɗaure. Mutumin ƙungiyar ya ce to, sai haƙuri.

Kashegari da hantsi mutanen garin gaba suka zo da amalanke. Wanda aka ba wa kayan wani magidanci ne mai lambu, shi ma ɗan babur, ya san Malam, har ya rusuna ya gaishe shi. Aka kwance ƙarafan, aka naɗe tamfol, aka sauke farantin rana daga kan rumfa. Malam ya tashi yana taya su ɗauri, yana nuna musu yadda za a sa batir kada ya jijjiga. Ina tsaye a ƙofar madafa. Da za su tafi sai na ji ya riƙe mutumin a gefen amalanke yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin ta manya masu ba da sirrin sana'a.

"Ka ji, wanga ba irin namu ba ne. Ko ya yi zafi kada ka kashe shi. In ƙarfinai ya rage, robar ciki ce, ka duba ta. Kuma ko mi ya faru, kada ka kuskura ka ɗura mai ruwa."

Mutumin ya ce, "Allah shi ƙara sani, Baba. Wa zai ɗura ma famfon iska ruwa?"

Malam ya ce, "Ana samu."

Amalanken ya fita. Ya juyo ya same ni inda nake, ya tsaya yana karkaɗe hannuwa.

"Na gaya mai yadda zai kula da shi," ya ce.

"Na ji."

"Kin yi mini sutura jiya."

"Na yi. Matan da na hana haudi kuma kai za ka bi su gida-gida ka ba su haƙuri, ka samo abin da za ka ce musu. Ni na gama rufe baki."

Ya shiga ɗaki ya daɗe. Can ya fito da babbar riga da hula, ya tambaye ni gidan wa zai fara. Na ce gidan wadda ta sare bishiya.